Hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Seattle: sauri ga mai wucewa, zagaye ga mai shiga gari

Duk wanda ya tuƙa mota a birnin Seattle na ƙasar Amurka kafin 2019 ya san gadar sama ta Alaskan Way, mai hawa biyu, wadda ta miƙe a bakin ruwa tana ɗauke da babbar hanya mai lamba 99 tun daga 1953. An rufe ta ranar 11 ga Janairun 2019, aka rushe ta a cikin shekarar, hanyar kuma ta koma ƙarƙashin ƙasa cikin wani rami mai tsawon kimanin kilomita 3 da aka buɗe ranar 4 ga Fabrairu. Tunda kuɗi ake biya kafin a bi ta, ya dace a duba ko abin da direba ke samu ya kai abin da yake bayarwa.

Ta fuskar tuƙi babu abin kushewa sosai. Layi biyu ne a kowane ɓangare, masu nufar kudu a hawan sama, masu nufar arewa a ƙasa, don haka ba a gaba da gaba da kowa. Akwai wadataccen haske, an jera ƙofofin fita na gaggawa a jikin bango, kuma idan hanya ta yi sauƙi, cikin 'yan mintoci mutum zai tashi daga wajen filayen wasa na kudancin gari ya ɓullo kusa da hasumiyar Space Needle ba tare da ya tsaya a danja ko ɗaya ba. Biyan kuɗin ma ba ya tsayar da kowa, domin babu shinge babu mai karɓa. Ana liƙa wata 'yar takarda mai suna Good To Go a gilashin mota, na'ura ta cire kuɗin daga asusu. Da aka fara karɓa a Nuwamban 2019, farashin yana tsakanin dala 1 da dala 2.25 gwargwadon lokaci. Wanda ba shi da asusu kuwa, kyamara ce ke ɗaukar lambar motarsa a aiko masa da takardar biya gida da ƙarin dala 2, abin da ya fi faɗa wa baƙi da masu zuwa jefi-jefi.

Babban aibin hanyar shi ne ba ta da mafita a tsakiyar gari. Tsohuwar gadar tana sauke mutum a titin Seneca, tana kuma ɗaukarsa daga titin Columbia, wato a cikin ƙwaryar birni inda ofisoshi da shaguna suke. Ramin kuwa, da zarar an shiga sai an kai ƙarshe. Ma'aikacin da ya taso daga yammacin Seattle zuwa ofis dole ya sauka tun kafin bakin ramin ya bi titunan ƙasa, haka ma motocin bas, tankokin mai kuma an hana su shiga gaba ɗaya. An kuma rasa kallon da ake yi daga saman gadar, na ruwan Elliott da jiragen fito da duwatsun Olympic daga nesa, wanda talaka da mai kuɗi suke samu kyauta a hanyar zuwa aiki.

Duk da haka, a ganina rushe gadar ba abin jayayya ba ne. Girgizar ƙasar Nisqually ta 28 ga Fabrairun 2001, mai ƙarfin maki 6.8, ta tsattsaga ta, ga shi an kafa ta a kan ƙasar da aka cike bakin ruwa da ita, wadda kan yi laushi idan ƙasa ta motsa. Mutanen yankin ba su manta da 1989 ba, lokacin da girgizar ƙasa ta sa wata gada mai hawa biyu irinta ta rufta a birnin Oakland ta hallaka mutum 42. Faci ba ya maganin irin wannan.

Inda nake da ja shi ne kan ko sai da rami. Injin haƙar da aka sa wa suna Bertha, mai faɗin mita 17.5, wanda kamfanin Hitachi Zosen na Japan ya ƙera, ya fara aiki a Yulin 2013, ya tsaya cak a Disamba bayan ya ci kimanin mita 300 kacal, bai sake motsi ba sai bayan shekara biyu, kuma sai a Afrilun 2017 ya huda ɗaya gefen. Aikin baki ɗaya ya lashe sama da dala biliyan 3. Birnin San Francisco ya rushe tasa gadar ta Embarcadero a 1991 bai haƙa komai a madadinta ba, ya shimfiɗa titi da layin taragu a ƙasa. Abin lura kuma, cikin makonni ukun da Seattle ta yi babu gada babu rami, cunkoson da aka yi ta tsoratar da jama'a da shi bai kai yadda aka zata ba, saboda mutane sun koma bas da jirgin ƙasa, wasu sun sauya lokacin fita.

Ribar da ta fi fitowa fili tana sama ne, a inda gadar take a da. Rugugin motoci da inuwar kankare sun kau, kuma tun Oktoban 2024 ana saukowa a ƙafa daga kasuwar Pike Place zuwa bakin ruwa ta kan gadar masu tafiya a ƙafa ta Overlook Walk. Sai dai sabon titin ƙasan ya yi faɗi fiye da kima a wajen tashar jiragen fito, har tsallaka shi yana wa tsofaffi da masu yara wuya.

Mai ratsa birnin daga kudu zuwa arewa a kai a kai, ya buɗe asusu tun da wuri, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. Wanda tsakiyar gari ya nufa kuwa, gara ya ajiye mota ya hau jirgin ƙasa na Link ya sauka a tashar Westlake.