Sigma 150-600mm: gilashin da ya dace da ɗaukar guza tana cin abinci

Guza ba ta yarda da mutum. Da ta ji motsi a bakin ruwa sai ta saki abin da ke bakinta ta faɗa ruwa, ita da ke iya kai mita biyu a tsawo. Saboda haka duk mai son hotonta tana haɗiye kifi a gaɓar kogin Challawa ko wajen dam ɗin Tiga, abin da ya fi buƙata shi ne tazara. Tazarar nan ce gilashin kyamara mai zuƙo nesa na Sigma 150-600mm Contemporary ke bayarwa, kuma a kanta ya kamata a auna shi.

Nauyinsa ya kusa kilo biyu, bakinsa milimita 95, kuma ba ya kama abin da ya matso ƙasa da mita 2.8. A kyamarar Canon mai ƙaramin sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a ciki, zuƙowar 600mm ɗin nan kamar 960 take, a Nikon kuwa kamar 900. Wato daga mita goma sha biyar za ka samu guza ta cika hoto ba tare da ta san da kai ba.

Babban rauninsa haske. A 600mm ƙofar haskensa ba ta wuce f/6.3, kuma a nan hoton yakan ɗan yi laushi. Ja shi baya zuwa 500mm, ka sa f/8, za ka ga ƙwayoyin fatar wuyanta ɗaya bayan ɗaya. Sai dai guza mai ci ba ta tsayawa. Takan girgiza kai, ta buga kifin da ƙasa, ta juya shi sai kansa ya fuskanci maƙogwaronta sannan ta haɗiye, harshen nan mai reshe biyu yana fita yana komawa. Saurin ɗauka da bai kai 1/1000 na daƙiƙa ba zai ba ka kan guza mai dishi-dishi, kuma mai hana rawar hannu da ke cikin gilashin ba zai cece ka ba, don hannunka yake gyarawa, ba motsin dabbar ba. Dole ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya hau 800 zuwa 1600. Tsohuwar kyamara za ta nuna tsakuwa-tsakuwa a nan, amma gara hakan da hoton da ya motsa.

Akwai maɓalli a gefensa da mutane ke mantawa da shi, mai taƙaita nisan da fokas, wato saitin da ke sa abu ya fita tas, zai yi nema. Sa shi daga mita 10 zuwa sama in kana nesa, ka zaɓi ɗigon fokas ɗaya ka ɗora a ido. In ba haka ba, ciyawar da ke gabanta zai kama. A mita goma, faɗin wurin da ke fita tas bai kai taƙi ɗaya ba, don haka in ido ya kuɓuce, hoton ya tafi. Ka kuma rage haske kaɗan, don cikin kifi fari ne, yana ƙonewa a rana alhali jikin guza duhu ne.

Kada ka riƙe gilashin a hannu kana jira, minti kaɗan kafaɗa za ta gaji. Ƙaramar jaka cike da gero a ƙasa da za ka ɗora shi a kai, ka kwanta rub da ciki, ta fi mai ƙafa uku amfani, domin hoton da aka ɗauka daidai da idon dabbar shi ke da rai. Lokaci kuwa hantsi ne, bayan ta sha rana jikinta ya yi ɗumi. Da azahar zafin da ke tashi daga yashi yana karkaɗa iska, hoto ya dagule, mutum ya zargi gilashi a banza.

Abin da ke damuna da shi a Kano ƙura ce. Jikinsa yana miƙewa yana komawa in ana zuƙowa, yana shaƙar iska, kuma kariyar roba a gindinsa kawai take. Da hunturu a lulluɓe shi da ƙyalle. Da damina kuma fumfuna ce abokiyar gaba, a ajiye shi a akwati mai rufi da ƙullin ƙwayoyin shanye danshi. Mai sayen na hannu ya haska tocila ta cikinsa, in ya ga zare-zare kamar saƙar gizo, ya mayar.

Ga damo, sarkin haƙuri, wannan gilashi ya yi yawa. Da damina yake fitowa neman ƙadandoniya, gyare da katantanwa, kuma yakan lafe maimakon gudu, don haka gilashi mai 70-300mm ya wadatar. Amma ga guza, ban san wani mai irin farashinsa da ya fi shi ba. Roƙona ɗaya: kada a ɗaure ɗan tsako ko a jefa nama don jawo ta. Guzar da ta saba da abincin mutane gidajen kaji take nufa, a can kuma sanda ke jiran ta.