Gramps: manhajar da ta ɗauke min wahalar zana salsalar gidanmu

Goggona ce ta ɗora min aikin. Ta miƙo min tsohon littafin da take rubuta sunayen zuri'ar kakanta, ta ce tana so ta ga kowa a takarda ɗaya tun idonta na gani. Na ƙirga, mutum 400 da 'yan kai.

Da wata manhajar zane na fara, ina jan akwati da layi da hannu. Sati biyu na ɓata. Da zarar an tuno wani da aka manta, sai in wargaza reshe guda in sake jerawa.

Daga nan na koma Gramps. Kyauta ce, tun 2001 take, 'yan sa-kai ke kula da ita, tana aiki a Windows da Mac da Linux, bayananka kuma suna zaune a kwamfutarka. Abin da ya sa na riƙe ta: ba kai za ka yi zanen ba. Kai dai shigar da mutum, ka faɗi iyayensa, da wanda ya aura, da 'ya'yan kowane aure. Jera mutanen aikin Graphviz ne, wata manhaja da Gramps ke amfani da ita.

Inda Gramps ta fi burge ni shi ne wajen dangin da suka auri juna. A zanen hannu sai na rubuta mutum sau biyu, 'ya'yansa su rasa reshen da za su zauna. A nan kowa sau ɗaya yake fitowa, layukan ne ke zuwa su same shi. Wanda ya yi aure fiye da ɗaya kuma, kowane aure da nasa mahaɗi, ba a cakuɗa 'ya'ya. Tana ba kowa lamba, irin I0001, wadda ta cece ni daga takwarorin kakanmu su tara.

Sai dai tana son haƙuri. Maɓallanta na da yawa, kwana uku na yi kafin hannuna ya faɗa. Zanen farko ya fito da tsawo kamar igiyar shanya, laifina ne, ban juya shi ya kwanta daga hagu zuwa dama ba. Na fitar da shi a tsarin SVG, wanda ba ya dusashewa komai girman bugu, na buɗe a Inkscape, manhajar gyaran zane, na ba kowane ɗaki launinsa. Ranakun haihuwar masu rai na ɓoye su, Gramps tana da wannan zaɓin. Na kuma ajiye kwafi a tsarin GEDCOM, wanda yawancin manhajojin salsala ke karantawa.

A takardar A0 muka buga, milimita 841 da 1189. Goggo ta sa tabarau, ta bi reshenta da yatsa, ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, ina tagwayen ƙanwata?" Minti biyar ya ishe ni in ƙara su. Bugun ne za a sake.