Tayar hunturu: a tsaya kan inci 17 ko a sauko 16?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce motarka ta zo da taya 225/45 R17, ga hunturu ya ƙarato, kana tunanin ko ka sayi tayar hunturu daidai wannan girman ka ɗora a rim ɗinka, ko ka nemi wasu rim na inci 16 ka sa musu 205/55 R16. Ni dai da ni ne, 16 zan bi, amma da sharaɗi, kuma zan zo kansa.

Mu fara da lambobin, don a nan mutane suka fi rikicewa. 225 faɗin taya ne a milimita, 45 kuma tsayin gefenta ne, wato kashi 45 cikin 100 na faɗin, ka ga wajen milimita 101 ke nan. A 205/55 gefen ya kai kusan 113. In ka haɗa da rim, ta 17 ɗin tsayinta gaba ɗaya ya kama milimita 634, ta 16 kuma 632. Bambancin milimita 2 ne da ɗoriya. Ma'aunin gudunka ba zai yi maka ƙarya ba, birkin ABS, mai hana taya kullewa in ka taka birki da ƙarfi, shi ma ba zai rikice ba. Abin da masu harkar ke kiyayewa shi ne kada bambancin ya haura kashi 3 cikin 100, kai kuwa ko rabin kashi ɗaya ba ka kai ba.

To me 16 ta fi 17? Kaurin gefe. Lokacin sanyi ruwa kan shiga tsagar kwalta ya daskare ya fasa ta, sai ramuka su yi yawa, dusar ƙanƙara kuma ta lulluɓe su. Na taɓa faɗa wa irin wannan ramin da taya mai siririn gefe, da na fito na duba sai ga ƙulli kamar ƙwai ya kumburo a gefenta, bakin rim kuma ya lotsa. Tayar nan ko wata biyu ba ta yi ba, haka na jefar da ita, don ƙullin gefe ba ya faci. Milimita 12 na ƙarin roba ba abin rainawa ba ne a irin wannan wuri. Sannan siririyar taya ta fi yanka dusa da caɓin ƙanƙarar da ta fara narkewa, mai faɗi kuwa takan hau kai ta yi ta shawagi, ka ji sitiyari ya yi sakayau a hannunka.

Ita ma 17 tana da nata. A busasshiyar kwalta mai sanyi ta fi riƙe hanya a kwana, sitiyari ya fi amsawa nan take, kuma ba sai ka sayi rim ba. Sai dai duk shekara sau biyu za a ɓare taya daga rim a mayar da wata, bakin tayar na shan wahala, gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara kuma yana cin fentin rim ɗin alminiyam. In kana da rim na biyu, ko da na baƙin ƙarfe ne, kwance noti ne kawai a ɗaura. A kan daskararriyar ƙanƙara mai sulɓi kuwa faɗi bai cika kawo wani bambanci ba, ingancin robar ke magana.

Sharaɗin shi ne birki. Ƙaramin rim dole ya wuce kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, ba tare da gogawa ba. Motar da ta zo da manyan birki ba ta karɓar 16 ko an yi yaya. Duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko littafin mota, in kamfani ya lissafa 205/55 R16 cikin girman da ya yarda da su, hankalinka ya kwanta. Ka tabbatar ramukan noti sun yi daidai, misali 5x112, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 112, haka ramin tsakiya da lambar ET, mai nuna yadda rim ke shigewa ciki ko fitowa waje. Ni kan sa a ɗaura rim ɗaya a gaba a juya shi da hannu ina sauraro kafin a sa wa sauran taya. Lambar nauyi kuma kada ta gaza ta asali, in 91 ce, kilo 615 ke nan kowace taya. In motarka na da na'urar auna iska a cikin taya, sabbin rim ma za su buƙaci tasu.

Ko wanne ka zaɓa, nemi alamar dutse mai tsini uku da hoton dusa a ciki a gefen tayar. Rubutun M+S, wato taɓo da dusa, kaɗai bai isa ba, Jamus ma ta daina karɓarsa a matsayin tayar hunturu tun Oktoba 2024. Robar bazara tana fara ƙandarewa in sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 na Celsius, danna ta da farce da sanyin safiya ka ji, sannan ka danna ta hunturu, za ka tarar tana nan da laushinta. Kuma don Allah huɗu za ka sa. Biyu a gaba kaɗai su ke sa bayan mota ya kufce ya juyo a kwana.

In ta hannu za ka saya, auna zurfin zanen, ƙasa da milimita 4 riƙonta a dusa ya ragu sosai. Lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefen taya su ne ranar haihuwarta: 3523 na nufin mako na 35 a 2023. Turo mana samfurin motar da shekararta mu duba maganar birkin tare.