Kwana uku a Biyenna: gidan gahawa ɗaya da gidajen tarihi biyu

Aiki ne ya kai ni Biyenna, babban birnin Ostiriya, cikin watan Oktoba, da aka tashi daga taro sai na ƙara kwana uku da kuɗin aljihuna. Kafin nan iyakar sanina da garin shi ne can hedikwatar OPEC take, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur da Najeriya ta shiga a 1971. Yanzu kuwa da an ambaci Biyenna, teburin marmara da kofin ruwan sanyi ne ke faɗo mini a rai.

Ranar farko ban ji daɗi ba. Na bi layi wajen minti 40 cikin iska mai ratsa ƙashi a ƙofar wani sanannen gidan gahawa na tsakiyar gari. Da na samu shiga, cunkoso ne kawai, kowa ya ɗaga waya yana hoto, kek ɗin da aka kawo mini a bushe, ga waɗanda ke waje sun zuba ido suna jiran kujerata. Na biya kuɗi mai tsoka na fito raina a ɓace.

Washegari matar da ke karɓar baƙi a masaukina ta tura ni Café Sperl, a titin Gumpendorfer, wanda ke buɗe tun 1880. A nan na gane abin da ake yabo. Kujerun sun sha jiki, katakon ƙasa yana ƙara in an taka, ga teburan biliyad, ga jaridu a maƙale jikin sanduna kowa ya ɗauka ya karanta ya mayar. Na ce a ba ni Melange, wato gahawa da madara mai kumfa. Aka kawo ta a ɗan ƙaramin tire, gefenta kofin ruwa, an ɗora cokali a bakin kofin. Ruwan famfo ne, amma daga tsaunukan Alps ake janyo shi zuwa birnin tun 1873, kuma ban taɓa shan na famfo mai daɗinsa ba. Awa uku na yi a kan wannan gahawa ɗaya, ina rubutu ina kallon titi, ba wanda ya tambaye ni ko zan ƙara wani abu. Wani dattijo a kusa da ni ya karance jarida uku, bai ce uffan ba. A teburin mai shayi na unguwarmu hira ce ke zaunar da mutum, a nan kuwa shiru ne. Ba banza ba aka sanya wannan al'ada cikin jerin gadon al'adun Ostiriya na UNESCO a 2011. Mutanen garin suna son ba da labarin wai Turkawa ne suka bar buhunan gahawa da suka janye daga yi wa birnin ƙawanya a 1683, amma wanda ya fara samun izinin sayar da ita ɗan Armeniya ne, Johannes Diodato, a 1685.

Gidajen tarihi biyu na shiga, kuma sun ishe ni. Na farko Kunsthistorisches Museum, wanda Sarki Franz Joseph ya buɗe a 1891. Kada ku ce sai kun ga komai, ƙafa za ta gaza. Ku nufi ɗakin zane-zanen mai zane Pieter Bruegel kai tsaye. Zanensa na Hasumiyar Babila, na 1563, ya tsayar da ni rabin awa: magina ƙanana kamar tururuwa, masu sassaƙar dutse sun durƙusa gaban sarki, jiragen ruwa a gaɓa, ita kuma hasumiyar ta ɗan karkata tun ba a gama ta ba. Hoton waya ba ya nuna ko kashi ɗaya cikin goma na wannan aiki.

Na biyun, Weltmuseum, tsallaken titi ne, cikin fadar Hofburg. A nan zuciyata ta yi nauyi. Ga kawunan tagulla da allunan fadar masarautar Benin ta Najeriya a bayan gilashi, ana ganin zubin murjanin da ya rufe wuyan sarki har haɓa. Yawancinsu sun fito ne daga wawason da sojojin Birtaniya suka yi a 1897, lokacin da suka ƙone birnin suka kai Oba Ovonramwen Kalaba, daga baya kayan suka watsu a kasuwannin Turai. Bayanin da aka rubuta bai ɓoye wannan ba, na yaba da hakan. Duk da haka ya yi mini ciwo a ce sai da biza da tikitin jirgi ɗan Najeriya zai ga aikin hannun ƙasarsa. Jamus ta fara mayar da nata a 2022, ina fatan a bi sahu.

Ga mai shirin zuwa: shahararren abincinsu, Wiener Schnitzel, asalinsa naman maraƙi ne, amma mai araha sau da yawa na alade ne, don haka a tambaya. Ni a kasuwar Brunnenmarkt na riƙa ci, wajen Turkawa, halal kuma da sauƙin kuɗi. Sallar Juma'a na yi ta a babban masallacin da ke bakin kogin Danube, wanda aka buɗe a 1979, jirgin ƙasa na U6 ke kai mutum. Ranar Lahadi yawancin shaguna a rufe suke, a yi tsaraba tun Asabar.

Da taurari ake bayarwa, huɗu cikin biyar zan ba wannan tafiya, ɗayan tsada da layin ranar farko suka cinye shi. In Allah ya sake kai ni, daga masauki Sperl zan wuce, in nemi kujerar nan ta jikin taga.