Zumar jabu da ƙashin mutanen da: awo ɗaya, wahala daban

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne awon da ake kama zumar jabu da shi, da shi ake gane abin da mutanen zamanin da suka ci. Gaskiya ne, sai dai na zumar wasan yara ne in ka gwada shi da na ƙashi.

Daga ganye abin ya samo asali. Akwai kabon iri biyu da tsufa ba ya rage su: kabon-12, da kabon-13 mai ɗan nauyi. Kar ka haɗa su da kabon-14 da ake ƙirga shekaru da shi, wannan raguwa yake yi. Gero, dawa, masara da rake, waɗanda ake kira C4, sun fi ɗaukar mai nauyin, awonsu a ma'aunin kabon-13 wajen -13. Shinkafa, alkama, wake da galibin itatuwa C3 ne, wajen -27. Duk abin da ya ci su, alamar tana bin jikinsa.

Ƙudan zuma ya fi shan furen C3, don haka in an zuba sukarin rake, awo sai ya karkata. Ana ciro furotin ɗin da ke cikin zumar, wanda sukarin da aka zuba ba ya canza awonsa, a gwada shi da zumar kanta. Tazara ta wuce 1, akwai lauje cikin naɗi. Ka ga shaidar ma a cikin kwalbar take. Masu algus dai sun koma sukarin shinkafa, shi kam yana wucewa salin-alin.

A ƙashi kuwa kolajin ake nema, furotin ɗin da ke ɗauke da alamar abincin shekaru da dama. Da shi masu bincike Vogel da van der Merwe suka bi sawun cin masara a tsofaffin ƙasusuwan jihar New York ta Amurka a 1977. Amma ƙashin da ya daɗe a ƙasa, sai an fara tabbatar bai lalace ba. Tun 1985 wani mai bincike, DeNiro, ya nuna cewa in rabon kabon da naitirojin bai faɗa tsakanin 2.9 da 3.6 ba, a ajiye samfurin. Zafi irin namu ma cinye kolajin yake, shi ya sa ake komawa ɓawon haƙori. Iskar da tsirrai ke samun kabon daga gare ta ma ta canza: ƙona fetur da kwal ya sauke awon kabon-13 ɗinta da kusan 2, dole a gyara lissafi kafin a gwada tsiron yau da na da.

Inda nake ɗari-ɗari shi ne yankinmu. Gero C4 ne, ciyawar da saniya ke ci ma haka, to kabon kaɗai ba zai raba mai tuwo da mai nono ba. Naitirojin-15, wato naitirojin mai ɗan nauyi, yana taimakawa, don yana hawa da 3 zuwa 5 daga abinci zuwa mai cinsa, amma ƙarancin ruwan sama ma yana ɗaga shi. Sai an auna ƙashin dabbobin da aka tono a wurin kafin a ce wani abu.