Sashen masu taɓin hankali a Kumasi: likita ya iya aiki, amma ka zo da haƙuri da kuɗin magani

Duk wanda ke da mara lafiya irin nawa a Aboabo ko Asawase, ya tambaye ni ko ya kai shi sashen taɓin hankali na asibitin gwamnati da muke zuwa, zan ce ya kai shi. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don akwai abin da zan soka.

Ƙanina direban pragya ne, wato keken haya mai ƙafa uku. Barci ya fara ƙaurace masa, daga nan ya soma cewa yana jin muryoyi suna zagin sa, wai abokan aikinsa a tasha sun haɗa masa baki. A gida kowa da fassararsa: Inna ta ce iska ce, kawu ya ce sammu. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Sai da ya daina cin abincin da ba shi ya dafa ba, sannan na ɗauke shi muka tafi.

Abin da ya sa nake yaba wurin shi ne zamanmu na farko da likita. Bai yi gaggawar rubuta magani ba. Ya tambayi yaushe abin ya fara, ko an taɓa yin irinsa a dangi, ko ya yi zazzaɓi mai zafi ko ya bugu a kai. Sai ya ce, "Hajiya, ki ɗan jira a waje." Daga baya na gane tambayar tramadol da wiwi ya yi masa, kuma ya san yaro ba zai faɗi gaskiya a gaban yayarsa ba. An ɗibi jini don a tabbatar ba wata cutar jiki ce ta taɓa ƙwaƙwalwar ba. Da na ba shi labarin malam, ina jiran ya taɓe baki. Bai taɓe ba. Cewa ya yi a ci gaba da addu'a, amma ban da duka, ban da ɗaurewa, kuma kada kowa ya ce a ajiye ƙwaya don an ga sauƙi. Da ya zagi malamanmu a ranar, wallahi Inna ba za ta bari a koma ba.

Maganin farko, haloperidol, ya kwantar da muryoyin amma ya sandarar da shi. Wuyansa ya riƙe, hannu na rawa, yawu na zuba, tafiya kamar an saka shi a buhu. Maƙwabta suka ce ai ga shi, asibiti ya ƙarasa shi. Da muka koma, nas ta duba shi ta ce aikin maganin ne, an san shi da haka, aka ƙara masa benzhexol don jikin ya saki, daga baya aka sauya zuwa olanzapine. Shi kuma wannan yana sa barci da cin abinci, waakye, wato shinkafa da wake, kwano biyu ba ya isar sa, don haka duk zuwa sai an ɗora shi a sikeli, lokaci-lokaci a gwada sukarinsa. Ƙorafina a nan ɗaya ne: da an gaya mana tun ranar farko cewa jiki zai iya sandarewa, da ba mu kwana da fargaba ba.

Da azumi ya gabato, wannan nas ɗin, wadda ita kaɗai ke jin Hausa a sashen, ita ta fara tayar da maganar kafin mu tambaya. Ta shiga wurin likita ta dawo ta ce tun da sau ɗaya yake sha, a mayar da shi bayan isha'i. Inna ba ta jin Twi sosai, Turanci kuwa babu, don haka ranar da nas ɗin ba ta nan, komai sai ta bakina.

Sai wahalar. Ka yi asubanci ka karɓi kati, ka zauna a benci har azahar. Ana kwaɗa kiran suna da ƙarfi a baranda, kuma Zango ƙaramin wuri ne. In wata ta ji sunan gidanku a can, kafin la'asar an san wanda ba za a ba mata ba. Lamba za ta wadatar. Likitoci kuma suna canjawa, wani zuwan sai ka sake labarin daga tushe, duk da fayil ɗin na gabansa.

Maganar kuɗi ta fi ci mini rai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, wato Act 846, ta ce kula da irin waɗannan marasa lafiya kyauta ne, kuma a 2024 an saka wasu cututtukan, har da irin nasa, cikin inshorar lafiya ta NHIS. Amma sau da yawa a tagar magani amsar ita ce babu, sai ka ɗauki takarda ka nufi kemis da sidinka. Maganin nan ba a tsallake shi, in ya yanke ciwon na iya dawowa. Na koyi saye tun saura na mako guda.

Duk da haka ina tuna cewa manyan asibitocin taɓin hankali uku na Gana, na Accra da Pantang da Ankaful, duk a kudu suke, kusa da teku. A layinmu akwai masu tasowa daga ƙauyuka tun dare. Mu mota ɗaya ce ke kawo mu.

Yanzu ƙanina yana tsaron shagon kawu, likita bai yarda ya koma tuƙi ba tukuna saboda barcin da maganin ke sa shi. In za ka je, ka riƙe katin inshora, ka zo da kwalayen duk abin da mara lafiyar ya sha, har na gargajiya, kuma wanda ya ga farkon ciwon da idonsa shi ya kamata ya raka shi.