Hattara da mai tallar "maganin cikin zomo" a kasuwannin ƙauye

Assalamu alaikum jama'a, musamman iyaye mata da samari masu kiwon zomaye a ƙauyukanmu na yankin Ringim da Taura. Akwai wani mutum da ke bin kasuwanni a kan babur, da 'yar lasifika ɗaure a baya, yana tallar wani farin gari ƙulle a leda. Wai maganin zomo ne daga ƙasar waje: wanda ya ƙi cin abinci, da mai kumburin ciki, da mai zawo, duk garin nan ɗaya zai tashe su. An gan shi ranar Lahadi a kasuwar Gujungu, sauran ranaku kuma yana bin gida-gida. Don Allah kada ku saya.

Ƙanwata ta saya wa zomanyarta da ta rage cin abinci. Ya ce ta zuba a ruwan sha duk zomayen su sha, wai rigakafi ne. Ba a jima ba masu lafiyar ma suka fara zawo, ƙananan suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da kuɗin zomayen nan take yi wa 'ya'yanta hidimar makaranta. Daga baya yara suka nuna mana inda yake zama bayan kasuwa yana fasa kafso yana juyewa a roba, ga kwalayen Amoxicillin nan zube a ƙasa.

Wannan magani na mutane ne, kuma ga zomo guba ne idan ya shiga ta baki. Cikin zomo na ɗauke da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke narka masa ciyawa. Amoxicillin da Ampicillin da danginsu suna kashe su, sai masu cutarwa su yawaita, zawo ya ɓarke, dabba ta tafi. Abin da akuya ko kaza za ta jure, zomo ba zai jure ba. Ga shi ba ya iya amai, abin da ya haɗiye ya zauna ke nan.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne dawowarsa. Yakan bari sai mutuwa ta fara, sannan ya zo yana jajantawa, ya ce annoba ce ta shigo gari, gara a sayar masa da ragowar kafin su ƙare. Sai ya kwashe su a farashin banza, ya kai wata kasuwa. Ya ci kuɗin magani, ya ci na zomaye.

Zomon da ya ƙi ci yana da dalili. Sau da yawa dusa ce ko tsaki ya yi masa yawa alhali harawa ta yi kaɗan, sai hanjinsa ya daina motsi, kashinsa ya ƙanƙance ko ya ɗauke gaba ɗaya. Wani lokaci canjin abinci ne farat ɗaya, kamar ɗanyar ciyawar farkon damina, ko abincin da ya yi fumfuna. Haƙoransa kuma ba sa daina tsiro, idan suka zarce ba ya iya tauna. Zawon ƙananan zomaye a keji mai danshi kan zama wata cutar hanji da ake kira koksidiyosis, kuma maganinta daban ne. Ta yaya gari ɗaya a leda zai magance duk waɗannan?

Idan kuka ga zomo ya takure wuri ɗaya yana cizon haƙora, ku ajiye masa harawar gyaɗa ko ta wake mai tsabta da ruwa mai kyau, ku janye dusar, ku sa shi a inuwa. In ya kai awa 12 bai ci ba kuma bai yi kashi ba, ku garzaya wurin likitan dabbobi a ranar, kada a ce sai gobe. Duk maganin da za ku saya ku duba sunansa, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewarsa.

Wanda ya riga ya saya ya zubar da ruwan, ya wanke mazubin, ya ajiye ragowar garin a matsayin shaida. Wanda ya ga mutumin nan kuma ya sanar da sarkin kasuwa ko mai unguwa, kada a taɓa shi, a bar hukuma ta yi aikinta. A tura wa duk wanda aka san yana kiwon zomo.